Totuwar da Na Cusa wa Moton Baba

Ranar wata Lahadi ce da sassafe, a tsakiyar daminar shekarar da na gama aji uku a lakkol, wato makarantar boko. Ruwa ya kwana yana zuba, duwatsun unguwarmu ta Birni sun wanku fes, ni kuma ina tsugune a ƙofar gida ina wanke kwanonin koko. Baba ya turo sabon motonsa, wato babur, daga zaure, sanye da sabuwar hularsa, ya ɗaure buhu a baya domin zai je kasuwar Miriya sayen fata. Ya murɗa lakile, makullin moton, ya ɗora ƙafa a kan sandar tayarwa ya taka. Moton ya yi tari sau ɗaya, ya yi shiru. Ya sake takawa, ya sake, har hular ta karkace gumi ya keto masa. Maƙwabta da suka fito don su ga tafiyar farko suka fara matsowa, kowa da hannu a baya. Ni ma na bar kwanonin na matso, ina dariya ƙasa-ƙasa, don ban taɓa ganin abin da ya gagari Baba a bainar jama'a ba.

Baba baduku ne, Malam Idi ake ce masa, jaka da takalmi da kube yake ɗinkawa a zaure. Tun tasowata a ƙafa na san shi, sai in tafiya ta yi nisa ya hau motar kasuwa. Kullum kukansa shi ne gonarmu ta Hamdara ta yi masa nisa, kafin ya isa rana ta take. Sai da ya yi shekara biyu yana kiwon wani bijimi a bayan gida, mu muna ɗauko masa dusa da harawa, sannan ya sayar da shi ya sayi moton. Ba sabo ba ne. Irin mai faffaɗan wurin ajiye ƙafa ne, launin ƙasa-ƙasa, kujerarsa ta sha faci. A hannun Baba Bukar ya saye shi, maƙwabcinmu na jikin katanga, wanda kakanninsa daga Barno suka zo. Shi ya yi aikin allurar dabbobi har ya ajiye, kuma a kan wannan moto ya zagaye ƙauyukan Takieta da Garagumsa shekara da shekaru. Da idonsa ya fara rauni ya ce ba zai bai wa kowa shi ba sai Baba. A gabana ya dafa kujerar ya ce, "Malam Idi, lafiyarsa ƙalau. Da da ciwo a jikinsa da na gaya maka."

Ba a unguwar kaɗai ba, ko a cikin gidanmu maganar Baba Bukar ba a sake auna ta. Shi da Baba ciyayya suke yi tun kafin a haife ni. Bayan sallar magariba a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, ni in fito da kwanon tuwo, daga gidansu a fito da burabusko ko shinkafa, su haɗa su ci tare da duk wanda Allah ya kawo. In na ajiye kwano sai ya ce, "Wushe, Ya Zuwaira," yadda Barebari ke gaida manyan mata, alhali ko ɗankwali ban iya ɗaurawa daidai ba. Ya tsamo mini tsoka ɗaya daga miya ya ce kuɗin dako ne. Duk gidanmu ba wanda ake yi wa wannan sai ni, kuma ba ƙaramin ji da kai nake yi da shi ba.

To, a lokacin ina da wani aiki a gida da Kaka, mahaifiyar Baba, ta ɗora mini. Da damina zanzaro ke addabarmu. Duk inda ya ga rami sai ya yi ta jigilar laka ya gina ɗakinsa a ciki: hancin buta, bakin kwalbar man shafawa, ramin makulli, har cikin bututun murhu. Ya taɓa toshe wa Baba butar shayi, ni aka yi wa faɗa. Tun daga ranar Kaka ta ce toshe ramuka nawa ne, kamar yadda ɗiban ruwa a famfo yake na yayyena. "Ramin da kika bari buɗe da safe, kafin azahar ya yi mai shi," haka take faɗa mini tana kaɗi. Na riƙe aikin nan da gaske. Ina yawo da tsummoki da guntayen kara a ƙullin zanena, in na ga rami ko a katangar mutane ne sai na cusa masa wani abu.

Moton ya yi kwana uku a zaure ba a taɓa shi ba, saboda ruwa da caɓi, kuma Baba bai gama sakin jiki da tuƙi ba. Ranar Juma'a, maza duk sun tafi masallaci, na ga zanzaro yana shawagi a bayansa, yana leƙa wani baƙin bututu da ke ƙasa kusa da taya. Raina ya ɓaci. A ce abin da aka sayar da bijimi aka saya, ƙwaro zai mayar ɗakin kwana? Na samo totuwar masarar da muka gasa, na naɗe ta da tsumma, na cusa. Ta ƙi shiga sosai, na ɗauko dutsen da muke wasan carafke da shi na yi ta dukanta har ta karye, rabin ya shige can ciki ba a ko hango shi. Na goge baƙin da ya shafe mini hannu a jikin katanga. Ban gaya wa kowa ba, ina jira sai ranar da za a yi maganar zanzaro in fito da ita a yaba mini. Kafin Lahadi kuwa na manta sarai.

Shi ya sa da safiyar nan nake dariya da zuciya ɗaya. Aka fara da mai. Baba ya buɗe tanki ya girgiza moton, aka ji motsinsa a ciki. Wani ya ce man kwalba na bakin hanya ba a raba shi da ruwa, balle da damina. Aka juye shi a kwano, aka aiki yayana ya sayo wani, aka tace da ƙyalle aka zuba. Shiru. Aka ce a tura. Samarin unguwa suka tura Baba daga ƙofar gidanmu har gangaren masallaci, ƙafafunsa na jan ƙasa, moton ya yi ɓuɓ-ɓuɓ kamar zai kama, ya mutu. Sau uku ana dawowa da shi. Baba Bukar ya fito da sandarsa, ya tsaya yana mamaki, yana cewa bugu ɗaya yake tashi, ko da sanyin asuba. Baba ya kau da kai daga gare shi, kuma na lura da hakan.

Da hantsi ya dubi ludayi aka kira Ɗanjuma mai gyara, ya zo da jakar ƙarafunansa. Ya kwance murfin gefe ya ciro buji, ɗan abin nan da ke ba da wuta, ya nuna wa jama'a yadda ya yi baƙi ya jiƙe. Ya kankare shi, ya ƙona bakinsa da ashana, ya jingina shi a jikin injin ya ce a taka. Wuta ta yi tsartuwa shuɗiya, kowa ya ce to, an gama. Aka mayar, aka taka, tari ɗaya ya sake yi. Ya kwance wurin da mai ke haɗuwa da iska, ya zube ƙananan kusoshi a faranti, ya wanke kowanne da mai, ya sa baki ya hura. Ya wanke soson iska ya matse. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana lanƙwasawa. Duk aikin nan a gaba da gefe ake yinsa, ba wanda ya zagaya baya.

Ina zaune a dakali sai ga zanzaro da ƙwallon laka a baki. Ya sauko ya nufi baƙin bututun nan, ya leƙa, ya yi jim, ya juya ya tafi. A nan na tuna da totuwar. Ban san aikin bututun ba, amma na tuna ranar da aka kawo moton ta nan hayaƙi ke fita, kuma yau ko ɗigon hayaƙi ban gani ba. Na tashi na shige gida, na dawo, na sake shigewa. Inna ta ba ni tsintar shinkafa, na zubar da rabi. Baba ba mai duka ba ne, amma ban taɓa lalata abin da ya kai bijimi ba, ban san me ake yi wa wanda ya yi haka ba. Na riƙa gaya wa kaina wataƙila ba ita ba ce. Na riƙa roƙon Allah ya sa totuwar ta faɗo da kanta, ko Ɗanjuma ya gano ta ya ɗauka aikin 'yan unguwa ne. Sau biyu ina zuwa har gefen Baba, bakina a buɗe, in ga jijiyar da ta taso masa a goshi in koma.

Bayan azahar Ɗanjuma ya goge hannu ya miƙe. Mutum ne da ba ya son a ce abu ya fi ƙarfinsa. Ya ce shi dai ya duba duk abin da ake dubawa, injin ne ya gama aiki, kuma akwai dabarar da ake yi wa irinsa ya tashi ranar ciniki kawai. Bai ambaci sunan kowa ba, amma duk idanu suka koma kan Baba Bukar. Ina tsaye a bakin zaure, tsakanina da Baba bai fi taku uku ba. Kasuwa ta wuce shi, rigarsa ta ɓaci da baƙin mai, tun safe ana kallonsa. Ya juya ya ce, "Bukar, shekara ashirin hannuna da naka a kwano ɗaya. Ashe cutata za ka yi?"

Baba Bukar ya daɗe yana dubansa da idanun nan nasa masu hazo. "Ni ka ce wa haka, Malam Idi?" Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya gyara riƙon sandarsa ya shiga gida, a hankali, yana laluben dokin ƙofa da ƙafa.

Wajen Kaka na ruga na faɗa jikinta ina kuka, maganar na fita guntu-guntu. Ba ta zage ni ba. Ta ajiye mazarinta, ta yafa mayafi, ta kama hannuna har ƙofar gida, ita da ba ta fita cikin maza. Ta ce, "Faɗa musu abin da kika faɗa mini." Na faɗa, idona a ƙasa. Ɗanjuma ya durƙusa ya leƙa bututun, ya lanƙwasa waya ya yi ta zungura, sai ga tsumma, sai ga totuwa baƙa ƙirin tana fitowa gutsure-gutsure. Baba ya taka sau ɗaya. Moton ya kama da ƙara, hayaƙi ya turnuƙe lungun, yara suka sa ihu. Wasu suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Baba bai yi dariya ba, bai kuma dube ni ba. Ya kashe moton, ya tsaya yana kallon ƙofar gidan Baba Bukar.

A ranar ya shiga ya ba shi haƙuri, washegari ya koma da liman. Baba Bukar ya ce ya wuce, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Suka ci gaba da gaisawa, suna tsayawa sahu ɗaya a masallaci, in an yi rasuwa ko suna tare ake ganinsu. Ni ma da ya gamu da ni a hanyar famfo sai ya ce, "Ya Zuwaira, zanzaro dai bai samu shiga ba ko?" ya yi murmushi ya shafa kaina. Amma da magariba na fito da kwanon tuwo na ajiye a tabarma, daga gidansu ba a fito da komai ba. Aka ce idonsa ne, ba ya son fita in duhu ya fara. Baba bai hana ni shimfiɗa tabarmar ba, kuma kullum sai ya bar gefen da ke jikin katanga ba kowa. Haka muka yi har shekara huɗu, har Allah ya yi wa Baba Bukar rasuwa. Baba bai taɓa yi mini faɗa a kan totuwar nan ba, ko sau ɗaya. Na sha fatan da ma ya yi.

Moton ya yi mana shekara goma sha ɗaya. Ya kai Baba Hamdara, ya ɗauko gero da wake, ya kai ni jarrabawa. Bai taɓa ba shi wata wahala ta a zo a gani ba, kamar dai yadda mai shi na farko ya faɗa.

Yanzu ni ma ina da nawa moton da nake zuwa aiki da shi, ana danna maɓalli ya tashi. In ya ƙi, 'ya'yana waya suke ɗaukowa su nemi dalili, ni kuwa sai na zagaya baya na leƙa bututu tukuna, suna yi mini dariya. Lungunmu na Birni yana nan, an shafe katangun da siminti, kowa ya sa ƙofar ƙarfe yana cin tuwonsa a ciki. Zanzaro ma ya ragu, ko kuwa ni ce na daina lura. In na je gida na wuce wurin da ake shimfiɗa tabarmar, nakan auna tazarar da ke tsakanin bakin zaure da inda Baba ya tsaya a ranar. Taku uku ne, kuma tun hantsi maganar take bakina.