Launin Da a Shagon Baba Callistus

Kullum da hantsi Baba Callistus yakan buɗe shagonsa na hoto a unguwar Kwamba, ya goge gilashin da ke cike da tsofaffin hotuna waɗanda rana ta mayar ruwan shayi, sannan ya kunna kwamfuta. Ƙarshen watan nan zai rufe, idanu sun gaji. Ban taɓa rubutu don jama'a ba, ku yi mini uzuri, amma shirun ne ya gagare ni.

Tun zamanin kyamara mai fim yake ɗaukar mutanen Suleja a gaban labulensa mai zanen jirgin sama. Da waya ta kwashe kasuwa, sai matasa suka zo da sabon yayi, wai a mayar musu da hoto kamar na da. Ya yi ta duban hotunan gilashinsa har ya haɗa irin launinsu a kwamfuta, ya adana. Dannawa ɗaya, hoto ya tsufa. Yakan tsokane su da Hausarsa mai karin Ibo: "Mu mun sha wuya hoto ya fito fes, ku kun zo a tsufar da ku."

Ni ma wasa na ɗauki abin, sai da mantuwa ta kama kakata, Iya Safara'u. Ɗanta Kawu Nata'ala ne ke jinyarta, amma ita Nata'alan da ta sani shi ne saurayin da ke hoton bangon ɗakinta. In ya kawo kunu sai ta ja mayafi ta ce, "Malam, wa ya ba ka izinin shigowa gidan matan aure?" Ba ta cin abin hannun baƙo. Muna kallo tana ramewa. Aka nuna mata sabon hotonsa a waya, ta ce ba ta san mutumin ba.

Baba Callistus ya zo dubiya, ya ɗaga kai ya ga hoton bango. "Ai ni na ɗauki wannan," in ji shi. Ya ja Kawu shago, ya zaunar da shi gaban labulen nan, hannu a haɓa kamar wancan karon, furfurarsa kuwa bai taɓa ta ba. Ya ɗauke shi, ya ɗora wa hoton launin da, ya yi masa farin gefe, ya zo ya rataye kusa da tsohon.

Iya ta daɗe tana duban hotunan biyu.

"Wannan labulen na san shi. Nata'ala ne. To wa ya zuba masa furfura haka?"

"Ke ce, Iya," in ji Kawu daga bakin ƙofa.

Ta dube shi, ta dubi bango. "To miƙo kunun mana, ka tsaya kamar baƙo."

Baba, kai ne ka gane idon tsohuwa bai yarda da sabon launi ba. Kai ne mai labulen jirgi, wanda rabin garin nan ya hau bai je ko'ina ba. Mun gode, Allah ya saka, ya ba idanunka hutu.

Ku masu ɗora launin da a waya, ku yi koyi da shi, ku riƙa duba wanda ke buƙatarsa da gaske. Har yanzu Iya takan manta. In ta manta, Kawu yakan je ya tsaya ƙarƙashin hoton da kofi a hannu, ya jira. Yau da safe ma ta shanye.