Zane Huɗu a Jikin Reza

Idan yau aka tambaye ni aski nawa reza mai baki biyu take yi kafin a yar da ita, amsata uku. Abokaina suna yi mini tsiya, wai na zama alhajin birni mai zubar da kaya da ransu. Ina barinsu su dara, don ban taɓa gaya musu dalili ba. Ni ne fa a da nake tsayawa ƙofar lakwal, makarantar da nake koyarwa, ina cika baki cewa rezata tana kai wata guda cur. Har gobe idan na tuna yadda nake shafa haɓa ina faɗin haka, sai in ji ƙyamar kaina.

Shekarun ne da jam'iyyu suka ɓarke, kowane bango a Maradi da hoton wani mai murmushi. Mu malaman lakwal kuwa yajin aikinmu ya fi koyarwarmu yawa. Ana cikin haka aka karya darajar kuɗinmu na sefa, duk abin da ya fito daga waje ya yi tsalle, har reza. Ina zaune a unguwar Zariya ta Maradi cikin ɗaki biyu na haya, ni da matata, tana ɗauke da cikinta na fari bayan shekara uku muna jira.

Dabarar tsawaita ran reza a wurin kawuna na koya, manomin rani ne a Jiratawa, kusa da Maradi. Shi ya ba ni abin askinsa na ƙarfe, irin wanda ake murɗewa ya rabu uku a ɗora reza a tsakiya. Ya nuna mini yadda ake zuba ɗan ruwa a kofin gilashi, a manna reza a cikinsa da yatsa, a yi ta gurzawa hagu da dama har bakin ya farfaɗo. Sai a goge, a shafa man gyaɗa don tsatsa, a mayar da ita cikin takardarta. Ni kuma da yake ɗan boko ne sai na ƙara nawa: kowace Juma'a ina ɗaukar tsinin kwamfa na lissafi in yi zane ɗaya a jikin rezar, don in san makonta nawa. Matata tana kallona ina wannan aiki tana girgiza kai, ta ce ko kuɗin gwamnati ba a tsare shi haka.

Gaskiyar da ba na faɗa a ƙofar lakwal ita ce, aski uku na farko ne aski. Daga na huɗu reza takan fara ja. A mako na biyu tsige gashi take yi, a na uku kuwa kankara ce kawai, kamar ana fere ƙwarya. Ƙarƙashin haɓata duk ƙuraje masu ruwa, in na bi ta kansu su fashe, jini da mugunya da kumfar sabulu su taru a haƙoran abin askin su daskare. Idan na kwance shi har wani ɗan wari yake yi. Kuma ba fuska kaɗai take yi wa aiki ba. Baki ɗaya na gemu ne, ɗayan na feƙe fensir da yankan farce. Ranakun yaji ina hawa keke in je Jiratawa in taya kawu ban ruwa, in dawo da laka da takin dabbobi cike da faratan ƙafata, in zauna in ƙwaƙule su da ita. Wannan ƙazantar nake kira tattali.

Da ciki ya tsufa, aka sa ranar da matata za ta tafi goyon ciki gidansu a Tsibiri. Yayar mahaifiyarta, wadda muke ce wa Inna, ita ce ungozomar unguwarsu. Tsohuwa ce mai tsabta, idonta ya fara rauni amma hannunta bai taɓa rawa ba. Ta zo Maradi ganin 'yarta, ta tsaya daga bakin ƙofa saboda surukuta, ta ce mini:

"Malam, abu guda nika so gare ka. Reza sabuwa, cikin takardatta, wadda ba ta taɓa komi ba. Da ita za a yanke cibi."

Na ce, "In sha Allahu, Inna." Ranar na sayo. Matata ta sa ta cikin wata langa mai murfi tare da zare da sabulu da tsummokaran da ta wanke ta goge, ta ɗora bisa kabad.

Ana gobe za ta tafi, ƙungiyarmu ta malamai ta zaɓe ni in karanta takardar kokenmu gaban manyan gari. Na duba madubi da safe, na ga fuska kamar gonar da aka yi wa girbi aka bar kututture. Rezata tana da zane huɗu. Na gurza ta a kofi har yatsana ya yi zafi, na ɗora a kunci, ta ƙi cin ko gashi ɗaya sai fata. Matata ta shiga maƙwabta sallama. Na ɗaga ido na ga langa.

Ba zan yi wa kaina ƙarya in ce shaiɗan ba ne. Ni ne. Na buɗe langa, na zare sabuwar na ɗora a abin aski. Tsohuwar kuma na wanke ta, na goge, na shafa mata mai har ta yi ƙyalli, na naɗe ta cikin sabuwar takarda yadda aka naɗo ta daga kanti, na mayar. Me ya sa ban bar wurin babu komai ba? Don kada matata ta buɗe ta ga babu, ta yi magana. Na ce a raina da yamma zan sayo wata in musanya. Na je na karanta koke da fuska sumul, aka yi mini tafi, muka zarce shan shayi da gardamar siyasa. Washegari da hantsi ta hau mota da langarta a cinya.

Kwana tara ina wuce shagon da na sayi rezar. Na sayi goro a wurin, na sayi batirin rediyo don jin wa ya ɓata da wa a majalisa. Mutanen Tsibiri kullum suna shigowa Maradi da safe su koma da yamma, duk wanda na ba wa sabuwa zai kai mata. Kullum sai in ce ai da saura, an ce sai wata ya kama. Ran na goma ina Jiratawa cikin albasa, aka aiko cewa ta sauka tun azahar, 'ya mace.

Na isa Tsibiri bayan la'asar, ƙafata duk laka. Inna ta fito da jaririyar cikin zane ta miƙo mini. Ja ce, gashinta kwance luf, ta kama ɗan yatsana ta riƙe. Inna tana ta sa mini albarka.

"Allah shi biya ka, Malam. Mazan yanzu sai ka yi ta biɗa ba su kawo ba. Kai ko ga ta cikin takarda, har da mai a jikinta."

Na dubi cibiyar da aka ɗaure da zare. A aji ni nake koyar da darasin tsabta, ni nake zana wa yara ƙusa mai tsatsa a allo. Na san akwai allurar da ake yi idan an yi sauri. Na kuma san matata ba ta samu allurar masu ciki ba, sau biyu ta je ta tarar ana yaji. Abin da ya rage kawai in buɗe baki gaban surukaina in ce na saci rezar haihuwar 'yata don in yi kyau a taro. Na ce, "Amin, Inna." Na yi ta lallashin zuciyata cewa ai na wanke, ai na shafa mai, ai mu ma da wuƙar kara aka yanke tamu muka rayu.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ranar suna. Wanzami ya zo askin jaririya, ya fito da askarsa daga zabira. Sai ga ni na miƙe gaban jama'a ina faɗa, wai ba za a taɓa kan 'yata da ƙarfen da ya bi kawunan gari ba. Na zaro sabuwar reza daga aljihu, na yage takardar kowa yana gani, na ba shi. Dattawa suka ce ka ga amfanin boko. Ranar na iya saye. A cikin gida kuwa, tun safe yarinyar ta ƙi kama nono, mata suna cewa hayaniya ce ta dame ta.

Washegari bakinta ya ƙi buɗuwa. Ko ƙofa aka buga sai jikinta ya sandare, bayanta ya lanƙwashe, hannuwanta su dunƙule. Muka ɗauko ta zuwa asibitin Maradi, ni da uwar da Inna. Ma'aikacin da ya karɓe mu ya buɗe cibiyar, ya ce tetanos ne, ciwon da ƙarfe mai datti ke sawa, ya tambaya da me aka yanke.

Inna ta ce, "Reza sabuwa, ɗana. Ga ubanta nan, shi ya sawo da hannunshi."

Ya dube ni, na gyaɗa kai. Ya juya kan tsohuwar yana yi mata faɗa, wai to hannunta ne, ko ta shafa wani abu. Tana rantsuwa tana kuka, ina tsaye ina kallon ƙasa. Yarinyar ta cika a kwana na goma da haihuwarta, da hantsi.

Magana ta bazu a Tsibiri cewa idon Inna ya tafi, hannunta ya lalace. Mata suka daina kiranta. Duk wannan yana zuwa kunnena, ina karɓar gaisuwa, ana ce mini sai haƙuri, ina amsawa kamar wanda aka zalunta.

Bayan arba'in matata ta dawo Zariya, ta rame, da langarta. Ba ta cika magana ba, na ɗauka baƙin ciki ne kawai. Wata safiya ina tsakar gida na jingina madubi a katanga, na shafa sabulu a fuska, sai ta zo ta ajiye 'yar takarda kusa da kofin gilashin. Ta warware ta da kanta. Man ya bushe, tsatsa ta fito ta bi zanen nan huɗu, kowanne ya fito raɗau. Shekara uku tana kallona ina yin su.

Ta ce, "Malam, wagga kwana nawa ta yi?"

Na so in ce ban sani ba, amma ni da ita mun san ba a taɓa yin rezar da ban san kwananta ba. Na ce ashirin da tara.

Ta dubi rezar. Tun da aka haifi yarinyar har aka rufe ta, alkunyar ɗan fari ba ta bar ta ta kira ta tata ba, sai dai ta ce "yarinyar nan". Ranar kaɗai na ji.

Ta ce, "Ta hi ɗiyata daɗewa."

Ta ɗauki bokiti ta nufi famfo. Na zauna a wurin har sabulun ya bushe a fuskata, sannan na wanke, na fito da keke na kama hanyar Tsibiri wurin Inna.