Layin da Ya Tsaya Bayan Yaya Ladi

Bana shekara ashirin ke nan da muka binne yayata Ladi a Madakiya. Amma ko jiya, da na ga yara suna danne-dannen waya wai suna zaɓen gwanin waƙa a talabijin, sai da na ji tsakinta a kunnena.

Ita ma ta shiga irin wannan gasa a Kaduna, lokacin da tokar rikici ba ta gama hucewa a Kafanchan ba. A zamanin babu zaɓen ɓoye. Mawaƙi zai rera kai tsaye, sannan 'yan kallo su tashi su yi layi bayan wanda suke so, kyamara tana bin fuskoki. Duk wanda ka tsaya wa, garinku ya gani.

Laifin Ladi ɗaya ne. Ta ce ba mai yi mata kiɗa sai Malam Sabo, mai kalangun mahautan kasuwa, wanda yake raka muryarta tun tana tallar citta. Dattijon ikilisiya ya zo har gida, ya ce in ta hau dandamali da Musulmi za a cire ta daga ƙungiyar mawaƙan coci. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba, wanda ya ba ni murya, shi ne ya ba Sabo hannu." Shi ma Sabo, mahauta suka daina amsa sallamarsa.

Ranar gasa ta yi waƙa har tsigar jikina ta tashi, aka yi tafi kamar rufi zai faɗo. Da aka ce a yi layi fa? Tabɗi! 'Yan garinmu da muka ciko mota tare, kowa ya sunkuya gyaran takalmi. Mama ta miƙe da zanen zumuntar matan coci tana cewa, "Yarinya na ne, bari su gani ni!" Na bi ta. Matar Sabo ta gyara mayafi ta tsaya a bayanmu. Layin bai wuce haka da yawa ba. Ladi ta zo ta ƙarshe, aka kuma cire ta daga mawaƙa, har ta mutu ba ta roƙi a maida ta ba.

Me za ta ce da zaɓen yau, wanda mutum ke yi daga kan gadonsa ba wanda ya san shi? Ina jin dariya za ta yi, ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da ke ƙona mini rai, yanzu duk wanda na haɗu da shi cewa yake, "Ai muna bayanta." Ƙarya ne! Ina wurin, na ga takalman da aka gyara. Wannan ihu ne bayan hari.

Ladi ba ta bar kofi ba, ba ta bar kaset ba. Wurin tsayuwa ta bari. Ranar Lahadi bayan sujada, ɗan marigayi Sabo zai kawo kalangun babansa bakin kabarinta, a gefen hanya, da rana tsaka. Mai cewa yana bayanta, ya zo ya tsaya a gan shi.