Sa Hannun da Baba Ya Bi da Biro

Bayan sadakar arba'in ɗin Baba, malamin da zai raba mana gado ya ce sai an yi wa kowane abu ƙima, ko da buta ce. Gida da keken ɗinki ba su ba da wahala ba. Hoton ɗan damben ne ya tsayar da mu.

Tun kafin a haife ni hoton yake rataye a shagon ɗinkin Baba a Tudun Wada, yana fuskantar ƙofa. Wani zakaran damben boko ne ya dunƙule hannuwa, a ƙasa kuma ga sa hannunsa. Baba ya ce a tashar jirgin ƙasa ya samo shi yana saurayi. Wai mutumin ya sauko miƙe ƙafa, wandonsa ya ɓarke, Baba ya ɗinke masa a tsaye da allurar da ba ta rabuwa da hularsa, shi kuma ya ba shi hotonsa ya sa masa hannu. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya sha wannan labari, ko yana so ko ba ya so. Abokansa kuwa tsiya suke yi masa, suna cewa a Sabon Gari ya sayi hoton ya zana abinsa. Sai ya yi dariya ya ce Allah ne shaida.

Yayana ya gani a waya cewa irin wannan sa hannu yana tsada a ƙasashen waje, har ya fara zancen mota. Ni mota ba ta gabana. A kwanakin nan babu abin da ke gabana, in an zuba mini tuwo in ci, in an yi mini gaisuwa in amsa. Ko ranar jana'iza ban yi hawaye ba, har Inna ta riƙa kallona. Abu ɗaya nake son sani, ko Baba ne mai gaskiya ko abokansa.

Aka kwatanta mini wani dattijo ɗan Wusasa da ke zaune a Gyallesu. Ya daɗe a banki yana duba sa hannun mutane, kuma ya taɓa dambe da ƙuruciya, hancinsa ma shaida ne. Ya cire hoton daga firam, ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ya ɗora masa gilashin ƙara girma. Ya ce takardar ta wancan zamanin ce, babu shakka. Ya fito da wasu sa hannun mutumin guda biyu daga akwatinsa ya jera. Ya bayyana mini cewa mai suna da gudu yake rubuta sunansa, mai kwaikwayo ne ke tafiya a hankali kamar mai tsallake kwata. Ina ta gyaɗa kai.

Can ya ɗago ya tambaye ni ko mahaifina ya yi boko. Na ce a'a, ajami kawai ya iya, da shi yake rubuta awon mutane.

"To zo ka gani. Inda biro ya fara sauka, nan tawada take taruwa. Ka ga ta dama ta taru. Wanda ya yi wannan daga ƙarshen sunan ya faro."

Ba sau ɗaya ba ne. Ya ƙirga mini sau huɗu da aka bi rubutun da biro, shuɗi da baƙi, wani kan wani. Sai na tuna yadda ranar la'asar take dukan bangon nan na shago. Ashe duk sa'ad da ta cinye rubutun sai Baba ya sauke hoton ya sabunta shi, daga dama, yadda ya san ana rubutu.

A wutsiyar wani harafi akwai ɗan ragowar tsohuwar tawada da ta koma ruwan ƙasa, ta tafi daga hagu, kuma da gudu. Na tambaye shi ko wannan ya isa. Ya ce ba zai iya rantsuwa a kai ba, kuma mai saye ba zai ba da ko sisi ba. Ban ji daɗi ba, ban ji haushi ba.

Har na fara naɗe hoton ya ce in dakata. Ya nuna mini bin ƙarshe, na shuɗi, wanda a tsakiyar sunan ya tsaya. Daga nan sai sawun biro a takarda babu tawada, an danna an sake dannawa.

Kamar wata biyu kafin rasuwarsa Baba ya ce mini in zan zo in taho masa da biro. Sau uku ina zuwa hannu rabbana. A na ukun ya ce ba komai, bai ƙara tambaya ba.

Malamin rabon gado ya ce tunda hoton ba shi da ƙima, wanda yake so ya ɗauka. Yaya ya turo mini shi ba tare da ya kalle ni ba.

A hanyar gida na tsaya a wani shago na ce a ba ni biro. Mai shagon ya ce shuɗi ko baƙi. Na ce shuɗi. Yana nan a aljihun rigata, har yau ban cire marfinsa ba.