Zartsin da Na Ɗora wa Rijiyarka

Ranar Lahadi, tara ga watan Maris na 2003, da hantsi, ina zaune a ƙofar gida ina ɓare wake sai ƙararrawar cocinmu ta fara bugun nan mai jinkiri da ba a yi wa mai rai. Maƙwabciyata Doña Chayo ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Mai Siminti ya tafi. Ko yanzu ma ba za ka gaishe shi ba?" Haka aka sanar da ni rasuwarka, Eleuterio Búrquez, kompadre na, mutumin da na yi shekara ashirin da biyu ban ce masa ina kwana ba.

Ban yi makaranta ba, kai ka fi kowa sani. Baƙaƙen nan a jikin buhunan taki na koye su. Amma babu rijiyar burtsatsen da aka haƙa a kwarin nan na Santa Eduviges da ban san shekararta ba, da zurfinta, da wanda ya fara shan ruwanta. Akwai guda ɗaya da na yi wa ƙazafi, kuma taka ce. Saboda ita na ɗauki alƙalami.

Mota ɗaya ta kawo mu daga duwatsu a 1952, muka tarar da ƙaya da yashi da iskar teku. Ranar da rijiyar farko ta tunkuɗo ruwa mai kaurin ƙugun mutum, ka shiga ciki da takalminka da hularka kana ihu kamar mahaukaci. Mun ɗauka ruwan ba shi da ƙarshe. Da maciji ya sari matata Romelia a gonar auduga, kai ka ɗauke ta a bayanka har bakin titi, ka tsaya a tsakiyar hanya sai da wata motar kaya ta tsaya ko ta take ka. Da aka haifa maka Herlinda, ni ka zaɓa na riƙe ta a coci ranar baftisma, tun daga nan muka zama kompadre, ita kuma ta tashi tana kirana Nino, wato uban baftismarta. Duk shekara lemon farko da ya nuna a lambunka ni kake kawo wa, ka ɓare da kanka, ka ce, "Ɗanɗana min, Harshe. In ka ce da tsami in sare bishiyar."

Harshe kuke kirana saboda na fi kowa gane ruwa. Kuma da teku ta fara shigowa ta ƙarƙashin ƙasa, ni na fara jin ta. Injinanmu sun zuƙe ruwan daɗi har ya yi ƙasa, na gishiri ya biyo gurbinsa. Gefen ganyen auduga ya soma ƙonewa, kunya ta yi farin ɓawo, wake ya ƙi nuna a tukunya. Injiniyoyi sau ɗaya suke zuwa a shekara, su cika kwalabe su tafi, amsa sai bayan wata shida. Shi ya sa taron manoma ya yanke cewa duk rijiyar da ta yi zartsi a toshe bakinta da siminti, domin injinta teku yake jawo wa maƙwabta. Aka naɗa ka shugaban kwamitin rijiyoyi, aka ce harshena ne ma'auni. A ɗebo ruwa a moɗa, in kurɓa a gaban jama'a, in faɗi kalma ɗaya: daɗi ko zartsi.

Rijiya ashirin da tara muka toshe a shekara biyu. Waɗanda na gani jiya suna share hawaye a jana'izarka, na san wanda ya sa wa karenka guba a cikinsu, na san wadda ta tofa yawu a kan takalminka a ƙofar coci. Ba ka taɓa kai ƙarar kowa ba. Sai dai kuma ba ka taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba.

Ta talatin tawa ce. Na san ta yi zartsi tun kafin ranar, Romelia ma ta sani. Aka miƙo min moɗa, na kurɓa, na dubi mutane na ce, "Daɗi."

Ka ce, "Madalla. Shanye, kompadre. Rana ta yi zafi."

Na shanye. Ka sake cikawa da hannunka. Na shanye ta biyu. Wani daga baya ya ce, "A kawo masa kifi ya haɗa da shi!" aka kwashe da dariya. A moɗa ta huɗu na durƙusa na amayar da ruwan a gaban matata da mutum sittin. Ba ka ko dube ni ba. Ka ce a kwaɓa siminti.

Kana da gaskiya, Eleuterio. Na rubuta wannan don a karanta. Amma ka iya toshe rijiyar ba tare da moɗa ta uku da ta huɗu ba, kuma ko a gaban Allah zan maimaita maka haka.

Asabar ta farko bayan nan sai ga ka da a-kori-kura, ka cika min tanki da ruwan rijiyarka, ka juya ka tafi. Haka kowace Asabar, har wata bakwai. Da ruwanka Romelia take dafa kofi, da shi take kwaɓa fulawa. Ban taɓa shan ruwa mai daɗinsa ba a kwarin nan.

Sai zagaye ya zo kan rijiyarka. Aka ɗebo, na kurɓa. Sanyi, garau, kamar ruwan sama. Na juya shi a baki, na tofar a kusa da ƙafarka, na ce, "Zartsi."

Matarka Doña Amparo ta ce, "Crisóforo, ka ji tsoron Allah! Jiya ma shi ka sha!" Ta fizge moɗar ta miƙa maka. Ka karɓa, ka daɗe kana kallon ruwan. Na jira ka kai bakinka ka ƙaryata ni, mu yi dambe, a wuce wurin. Sai ka zubar da shi a ƙasa.

Ka ce, "In na ɗanɗana tawa, gobe kowa zai ɗanɗana tasa, a fasa talatin ɗin duka. Harshe ya ce zartsi. Ku kwaɓa."

Kai ka riƙe shebur. Ita ce ta talatin da ɗaya.

Bishiyar lemo ɗari huɗu ba ta mutuwa rana ɗaya. Shekara uku suka yi suna bushewa daga sama, ina wucewa ina gani. Ka sare su ka ƙona gawayi. Amparo ta koma tsinkar inabi a gonar wasu, tana da shekara hamsin da biyar, rana ta ci mata fuska har ta mutu. Herlinda ta tafi birni aikin wanki. Kai kuma ka ƙare mai gadin injin ban ruwa a wata babbar gona can sama, irin gonakin da dokar taronmu ba ta taɓa kai wa ba, kana zuba wa injin mai yana zuƙar abin da ka hana mu. Duk Lahadi benci biyu ne tsakaninmu a coci. Ina jira ka tambaye ni, kai kuma ba ka tambaya ba. Da ka tambaya sau ɗaya da na faɗa. Haka nake gaya wa kaina.

Bayan an rufe ka na tare Herlinda a ƙofar maƙabarta. Ta fara furfura, hannayenta duk sun tsage. Ta ce, "Nino, kun zo ashe." Na gaya mata komai a tsaye. Na ce rijiyar ubanki lafiyarta ƙalau, ƙasar tana nan, ki dawo ki dasa lemo, ni zan tsaya gaban taro in ce na yi ƙarya. Ba ta zage ni ba. Ta ce, "Ku ɗauko guduma."

Da safen nan muka je bakin rijiyarka. Ta fi ni ƙarfi, ita ta fasa simintin da ka shafe da hannunka. Muka zura kwalba da igiya, ta yi nisa fiye da yadda na sani, ta fito cike. Na zo da tsohuwar moɗar, na zuba, na kurɓa.

Teku ce, kompadre. Teku zalla. Ban san shekarar da ta iso ba, ni da na san shekarar kowace rijiya. Ƙaryar da na yi ta zama gaskiya ina zaune ina jiran ka fara gaishe ni.

Herlinda ta karanta a fuskata. Ta ce, "Yaya?" Na ce, "Zartsi." Ta ɗauki kwalbar ta cika min moɗar har baki.

Ta ce, "Ku shanye, Don Crisóforo. Rana ta yi zafi."

Na shanye. 'Yarka ce.

Allah ya jiƙanka, Eleuterio Búrquez. Ya yafe maka moɗa ta uku da ta huɗu, ya saka maka da Asabar ɗin nan da ban taɓa gode maka ba. Ya haɗa ka da Amparo a inda ruwa ba ya juyawa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Herlinda da 'ya'yanta da dukan dangin Búrquez, ko sun karɓa ko ba su karɓa ba. Zan zo addu'ar kwana tara, zan tsaya daga waje. Ni ban roƙi kowa gafara ba, domin na san amsar, kuma har yanzu tana bakina.

Crisóforo Amarillas
Santa Eduviges