Gaisuwar Babana a Ƙurban

Mahaifina a Madina aka haife shi, takardun Saudiyya gare shi, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Amma ka ji shi yana cewa "can gida" sai ka rantse jiya ya sauko daga jirgi. Kakanmu ne ya zo hajji da ƙafa, shi da matarsa, ya zauna. Abin da ya bar wa Baba shi ne sunan wani ƙauye a Kano, da ɗabi'ar durƙusa wa manya, wadda maƙwabtanmu a unguwar Ƙurban ke kallo da mamaki, su da sumbatar goshi ce gaisuwarsu. Burin Baba bai wuce ya je ya kwana a gidan ubansa ba, a ce masa ɗan gida ya dawo.

Wata shekara jikan ƙanin kakanmu ya zo umara, wanda gidan ke hannunsa yanzu. Sa'ana ne, ko ma na girme shi. Baba ya yanka rago, ya sa aka tuƙa tuwo. Na ce, "Baba, kada ka durƙusa wa yaron nan."

"Uskut, ya waladi, yi shiru. Gidan nake gaidawa, ba shi ba."

Baƙon na shigowa, Baba ya zube. Gwiwoyinsa sun daɗe da lalacewa, ko salla a kan kujera yake yi. Ya kai ƙasa, tashi ya gagara. Yana dafa bango yana nishi, mutumin nan ya zaro waya yana ɗauka yana dariya. Ni na ɗaga shi, raina na tafasa.

Da aka ci aka ƙoshi, Baba ya kawo maganar zuwansa gida.

"Bismilla, Alhaji," in ji baƙon yana sakace. "Akwai otal mai kyau a cikin gari, Larabawa irinku can suke sauka. Gidan kam na masu shi ne, waɗanda suka zauna suka sha wuyarsa."

Ya tambayi ko za mu samo wa ƙaninsa iƙama, wato takardar zama, ya kwashi dabino ya tafi. Na tsane shi, har yau ban fasa ba.

Kwana biyu sai ga bidiyon a wayata. Shi ya turo, haɗe da saƙonnin muryar danginsu, wai mu ma mu sha dariya. Baba ya ji ƙara, ya ce in kunna. Mata ne ke sheƙa dariya. Wata ta ce tsohon ɗan Takari ya faɗi kamar buhun gero, wata ta ce maula yake koyo. Na kashe, na ce zan goge.

Baba ya riƙe hannuna, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Sake kunna min," ya ce. "Ka ji Hausar gidanmu? Wallahi haka uwata ke magana."