Gwaggo da Teburin Guga

Duk wanda ya taɓa kai kaya shagon Mai Guga ya san Gwaggo, ko da yake ita ba ta taɓa nuna ta san kowa ba. Kyanwa ce ruwan toka mai farin wuya. Matar Mai Guga ce ta tsinto ta a bayan shago tana 'yar mitsitsiya, yaran gidan kuma suka laƙaba mata Gwaggo saboda yadda take hakimcewa a saman kabad tana harare-harare, sai ka ce kowa ya yi mata laifi.

A ƙuruciyarta ba ta da lokacin Mai Guga ko kaɗan. In ya miƙa hannu zai shafa ta, sai ta miƙe a yangance ta koma cinyar matarsa. Shi ma bai damu ba, yana da abin yi. Tun yana saurayi yake tsaye a bakin teburin nan, dutsen guga na gawayi a hannu, kayan unguwa na bi ta ƙarƙashinsa: rigunan 'yan makaranta, wandunan ma'aikata, labulen amare. Ta hannu yake sanin wanda ya yi ƙiba da wanda duniya ta matsa wa, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Da wannan dutsen ya raini 'ya'yansa har kowa ya kama gabansa. Da matarsa ta rasu, Allah ya jiƙanta, sai ya rage daga shi sai kyanwar da ba ta gaishe shi.

Sai da tsufa ya kama Gwaggo sannan ta gano akwai wani bawan Allah a duniya mai suna Mai Guga. Ta daina hawa kabad. Ta dawo ƙasa ta liƙe masa a idon sawu. In ya matsa dama tana nan, in ya juya hagu ta riga shi. In ya ɗaga labule ya shiga ɗakin kwana na bayan shago, sai ta tsaya a tsakar shago ta tsala kuka kamar an yi mutuwa, har sai ya ce, “Ina nan, Gwaggo, ban gudu ba.” Ko ruwa ba ta sha sai tafin hannunsa na kan bayanta.

“Da can ina kike?” yakan ce mata. “Sai yanzu da haƙora suka zube kika ga ina da kyau?”

Masu kawo kaya suna dariya, shi ma yana taya su. Amma ya san abin da ba su sani ba. Wata rana ya ɗauke ta ya kai ta bakin ƙofa, ya kawo fuskarta dab da tasa, ya ga idanun nan masu harara sun yi fari. Gwaggo ta makance. Ya daɗe riƙe da ita, tausayi ya cika masa ciki, domin shi ma hanyar da ya kama ke nan. An jima da duniya ta koma masa tamkar yana kallonta ta cikin tururin guga: mutane ba fuska, titi ba gefe, sai haske da inuwa suna yawo.

Aikin dai bai tsaya ba, don hannu bai manta ba. Yana jin zafin dutse a kuncinsa, yana bin karin wando da yatsa. Kwanon yayyafi na dama, bulon da dutse ke hutawa a kai na gabansa, igiyar rataya tana daidai kafaɗarsa ta hagu. Muddin ba a taɓa masa komai ba, babu mai ganewa.

Wadda ba ya so ta gane ita ce Auta, 'yarsa ta ƙarshe, da ke aure a can ɗaya gefen gari, a saman bene. Duk zuwan da ta yi sai ta ce, “Baba, ka rufe shagon nan ka dawo wurinmu, ka huta haka nan.” Mijinta mutumin kirki ne, sai dai ko hoton kyanwa ya gani sai ya yi atishawa. Mai Guga ya sani sarai, ranar da Auta ta san halin da idonsa ke ciki, gardama ta ƙare: kwaɗo a ƙofar shago, shi a kujerar saman bene, Gwaggo kuwa oho.

Akwai kuma dalilin da ba zai iya faɗa mata ba. Da rana tsaka, in titi ya yi shiru, ƙamshin sabulu da na gawayi suka gauraya, tururi ya tashi daga jiƙaƙƙen zanen gado, yakan ga matarsa a ɗaya gefen teburin tana ninke kaya, kai a sunkuye, kamar yadda ta saba. Tun da idon ya dushe ma ya fi ganinta. Yakan ba ta labarin unguwa, wa ya haihu, wa ya tashi. Ba ta amsawa, amma Gwaggo takan juya kunne wajen. To, matar da ba ta taɓa taka benen Auta ba, wa zai nuna mata hanya?

Ranar da abin ya faru, aski ya fita, daga nan ya zauna hira wurin mai gyaran takalmi. Auta ta zo ba ta same shi ba, ta buɗe da makullinta. Ta dubi shagon ta ga duhu, ga tebur can ƙurya, ga taga tana zubar da haske a banza. Zuciyarta ɗaya ta kira kafintan da ke maƙwabtaka ya kama mata, suka kai teburin gindin taga. Ta share, ta goge, ta sauya wa kwano da bulo wuri, sannan ta tsaya jikin igiyar rataya, tsakanin rigunan mutane, tana murmushi, tana jiran ya shigo ya sa mata albarka.

Tun daga titi ya jiyo kukan Gwaggo. Ya shigo da sauri, ya kai hannu zai dafa gefen tebur kamar kullum. Hannun ya faɗa iska. Ya tafi gaba ɗaya ya zube a kan gwiwoyinsa, hularsa ta gangara. Gwaggo ta biyo ƙarar, ta yi karo da ƙafar kujera, ta lalubo shi ta haye cinyarsa tana rawar jiki.

Ya ɗaga kai ya duba ko'ina. Idonsa ya bi ta kan igiyar rataya, ya wuce ta kan Auta, bai ga komai ba sai riguna a jere.

“Wa ya kwashe mana ɗaki, Gwaggo?” ya ce a hankali. “Ke ba ki gani, ni ba na gani. Yanzu wa zai ja wani?”

Ɗaya daga cikin rigunan ta motsa.

“Baba.”

Ya san muryar.

“Tun yaushe?” in ji Auta.

“Ai ta kwana biyu da makancewa. Tsufa ne.”

“Ba Gwaggo nake tambaya ba.”

Ya shafa bayan kyanwar. Can ya ce, “Ki bar ni in gama kayan mutane tukuna. Kada a ce na tafi da rigar wani.”

Hawaye suka zubo wa Auta. Tana goge ido ta dubi ƙuryar da ta share ɗazu. A simintin akwai 'yan ramuka inda ƙafafun tebur suka ci ƙasa, a gabansu kuma wani wuri ya yi sumul, ya ɗan lotsa, daidai tsayuwar mutum ɗaya. Gwaggo ta sauka daga cinyarsa, ta bi bango da gashin bakinta har ta kai wurin, ta zauna a gefensa tana jira.

Mai Guga ya ji ana jan tebur. Auta ba ta kira kafinta ba, ita kaɗai take ja tana nishi. Ya ji ƙafafun sun faɗa ramukansu ɗaya bayan ɗaya.

“Gobe za mu je wurin likitan ido,” ta ce. “Kada ka ce mini a'a. In an gama kuma nan zan dawo da kai. Gwaggo ta tsufa, Baba, ba za ta iya koyon sabon ɗaki ba.”

Ya fahimce ta. Ya ce, “Haka ne. Taurin kai gare ta.”

“Na san inda ta samo shi. Kwanon nan a ina yake zama?”

Ya tashi, ya kama hannunta da kwanon ya kai su dama. Ya hura gawayi, ya shimfiɗa zanen gado, ya yayyafa ruwa. Gwaggo ta jingina da idon sawunsa ta yi shiru. Da ya ɗora dutse, tururi ya tashi ya cika ƙuryar, a ɗaya gefen teburin kuma ga mace tana ninke kaya, kai a sunkuye.

“Kin ji matar mai gyaran takalmi ta sauka?” ya ce mata. “Mace aka samu.”

“Allah ya raya,” ta amsa, da muryar Auta.